Filin Masu Kiwon Zuma: Amyar Ciyawa, Amyar Katako da Zafin Bazara

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a gabana wannan watan kusan duk kuka ɗaya suke yi, wato zafi ya kori ƙudan zuma daga amya. Na zaɓi wadda ta fi fayyace matsalar na sa ta a gaba, sauran kuma suka biyo baya.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Bara na sayi amya shida ta katako, irin mai sanduna a sama da murfin kwano, na jera su a bakin gonata. Huɗu suka kama. Da Afrilu ta raba, na je na tarar biyu saƙarsu ta zube, zuma na ɗiga ta ƙofa, tururuwa sun yi dandazo, ƙudan kuwa sun tashi. Mahaifina da amyar ciyawa ya yi kiwonsa har ya bar duniya, ban taɓa jin ya yi irin wannan asara ba. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan yi da biyun da suka rage?
Daga wani manomi a Gumel, Jihar Jigawa.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya mayar maka da alheri. Na san ciwon abin. Wata shekara ni ma na tsaya a gaban amya uku da la'asar sakaliya, na ɗaga murfi na ga saƙa ta kwanta a ƙasa kamar an taɗe mata ƙafa, 'ya'ya farare sun nutse cikin zuma, ƙudan da suka rage suna jan ciki a jiƙe. Kwana biyu ban iya cin abinci sosai ba. Tun daga ranar na koma ina tuna yadda kawuna yake yin tasa amyar, ina tambayar kaina abin da ya sani wanda ni na raina.

Ka fara riƙe wannan. Ƙudan zuma suna tsare zafin wurin da ƙwai da 'ya'yansu suke a tsakanin digiri 34 da 35, ko hunturu ake ko bazara. In sanyi ya sauko sai su dunƙule a kan 'ya'yan suna motsa tsokar fukafukansu don ɗumi ya fito, kuma zumar da kake jira ita suke sha su yi wannan aiki. In zafi ne sai wasu su bar neman fure su koma ɗibar ruwa, su shafa shi a bakin ramukan saƙa, wasu kuma su jeru a ƙofa suna fifita. Ruwan na bushewa, cikin amya na yin sanyi, kamar dai yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa. To amma ƙarfinsu yana da iyaka. Kaki ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 60, sai dai tun kafin a je nan ya yi laushi, musamman sabuwar saƙa fara wadda ba a taɓa renon 'ya'ya a cikinta ba. Ga ta cike da zuma, nauyinta ya kai kilo biyu, tana rataye a jikin sanda. A sama da ita kwano ne wanda a tsakar ranar Afrilu ba ka iya ɗora tafin hannu a kansa. A gefenta katako ne da kaurinsa bai wuce santimita 2 ba. A Gumel kuwa iskar waje kanta tana wuce digiri 40 a wannan lokaci. Saƙa ɗaya in ta tsinke sai ta faɗa kan ta kusa da ita, shi ke nan.

Yanzu tuna ta mahaifinka. Ciyawa ce aka saƙa kamar doguwar ganga, aka yaɓe ta, aka naɗe da wata ciyawar, aka ɗaure da igiya, sannan aka hau da ita aka girke a tsakanin rassan ɗorawa ko tsamiya. Bango mai kauri, inuwa daga safe har yamma, ga iska tana ratsawa ta ko'ina. Duk wanda ya kwana a soron ƙasa da bazara, ya kuma kwana a ɗakin kwano marar silin, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ƙudan zuma a daji ma kogon kuka ko na kirya suke nema, inda itacen da ya kewaye su ya ninka allon kafinta sau da yawa. Ciyawa da laka aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma sanin bambancin yana da amfani. Ciyawa busasshiya cike take da iska a kulle cikin kararenta, zafi ba ya ratsa ta da sauƙi. Laka kuwa ba ta hana zafi shiga sosai, jinkirta shi take yi: ta sha zafin rana a hankali, ba ya isa ciki sai dare ya yi an fara samun sauƙi. Shi ya sa ake son ciyawa a waje, laka a ciki. Haka kuma bangon yake yi da hunturu, sa'ad da dare ke sauka zuwa digiri goma sha kaɗan, ya riƙe ɗumin a ciki, ƙudan su rage shan zumarsu.

Kada ka ɗauka cewa nake ka koma ga amyar mahaifinka yadda take. Tana da aibi babba, kuma da idona na gani. Ba a iya buɗe ta a duba. Ranar ɗiba da dare ake hawa da wutar kara, a ƙone ƙudan da yawa, a yanko saƙar zuma da ta 'ya'ya gaba ɗaya a matse, zumar ta fito da warin hayaƙi da ruwa-ruwa, ba ta daɗewa ta yi tsami. Sau da yawa gidan kan watse bayan ɗiba. Alherin amyar da ka saya yana cikin sandunan nan nata. Tun 1851 wani limamin coci a Amurka mai suna Langstroth ya lura cewa in aka bar wa ƙudan tazarar da ta kai milimita 6 zuwa 9 ba sa cike ta da kaki, ba sa kuma like ta, sai su mayar da ita hanya. Daga nan amyar zamani mai saƙar da ake ɗagawa a duba a mayar ta yaɗu. Irin taka mai sanduna da gefe a karkace an daidaita ta ne a Kenya a farkon shekarun 1970. Babu inda aka ce dole jikinta ya zama katako. Manoman Habasha suna yin ta da gora da sanduna, su yaɓe da laka da kashin shanu, suna kiran ta cefeka. Abin da nake yi ke nan yanzu: sanduna na zamani, bango na kakanni.

Ga yadda nake gina ta. Bayan kaka nake farawa, lokacin da kara da ciyawa suka bushe. Kafinta yana yi mini abu biyu kawai, firam ɗin bakin amya da sanduna. Firam ɗin tsawonsa kamar santimita 90, faɗinsa 44 daga ciki, kuma sai ya miƙe sak, don in ya karkace sanduna ba za su zauna daidai ba, a samu kafar da tururuwa za su bi. Sanduna kuwa nan ne ba a wasa. Faɗin kowace santimita 3.2 ne ga irin ƙudanmu na Afirka ta Yamma, waɗanda suka fi na Turai ƙanƙanta. In ba ka da awo, ɗauki murfin kwalbar lemo na ƙarfe, faɗinsa ke nan. In sanda ta fi haka faɗi ko ta gaza, ƙudan za su gina saƙa a gicciye su haɗe sanduna uku wuri guda, ka koma gidan jiya. A tsakiyar kowace sanda ta ƙasa ina zuba siririn layi na narkakken kaki, shi ke nuna musu inda za su fara.

Daga firam ɗin nake sauko da haƙarƙari na gora ko na geza, su tsuke zuwa ƙasa, gindin ya zama faɗin santimita 20, zurfin kada ya wuce 25. A ƙasarmu mai zafi gajeriyar saƙa ta fi doguwa aminci. Sai in saƙe jikin da tsagaggen karan dawa ko reshen geza kamar ana saƙa kwando. Yaɓen kuwa, ƙasar tsohon suri nake nema, wanda gara ta bari, in daka ta in tankaɗe. Kwano biyu nata, kwano ɗaya na ɗanyen kashin shanu, kwano ɗaya na ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa, da ɗan toka. In kwaɓa in rufe da tsohuwar tabarma ta kwana uku, yadda magina ke yi wa ƙasar gini. Yaɓen farko siriri ne, ina danna shi da yatsu ya shiga tsakanin saƙar karan ciki da waje. In ya sha iska ya tsage, na biyu ya bi ya toshe, har kaurin bango ya kai yatsu biyu zuwa uku. Cikin sai an shafe shi sumul da jiƙaƙƙen hannu. A inuwa take bushewa, mako biyu ko fiye, in ka shanya ta a rana za ta dare. Ƙofa ramuka ne shida ko takwas a ƙasan fuska ɗaya, kowane ka tura fensir ka huda tun laka na ɗanye. Ka gina ta kusa da inda za ta zauna, don in ta bushe ɗaukarta sai mutum biyu.

Sama ita ce ta fi bukatar kulawa, don ta nan rana ke dukanta. A kan sanduna ina shimfiɗa buhun algarara da na cusa wa ƙaiƙayi ko audugar rimi, kamar matashin kai mai faɗi. A bisansa sai 'yar jinka ta shuci, wadda ta zarce jikin amyar da taƙi guda ta kowane gefe, da 'yar tazara tsakaninta da buhun yadda iska za ta wuce. Jikin kuma in naɗe shi da zana. Littattafai kan ce a juya ƙofa gabas. Ni kudu nake juya tawa, domin a nan arewa hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa, yamma kuma ranar la'asar ce. Kafin ka girke ta ka turara cikin da busasshen kashin shanu, ka goge da kaki, in kana da ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami ka murza ka shafa a bakin ƙofa.

Biyun da suka rage maka kada ka ciccibe su ka kai inuwa. Ƙudan sun haddace wurin, in ka matsar da amya taku goma za su dawo tsohon gurbin su yi ta shawagi har su halaka. Inuwar za ka kai musu. Ka kafa rumfar kara a kansu gobe da sassafe, ka sa matashin ƙaiƙayin nan a ƙarƙashin kwanon, ka ɗora zana a bisa, ka naɗe gefen yamma. Ka ajiye kasko da ruwa kusa, ka zuba tsakuwa ko guntayen kara a ciki don su samu wurin tsayawa, kuma kada ya taɓa ƙafewa. Gida mai ƙarfi yana iya shanye lita guda a ranar zafi. Kada ka buɗe amya da rana tsaka har damina ta sauka.

Tambaya: Malam, mu ƙungiyar mata ce, muna so mu fara da amya goma amma kuɗin katako ya fi ƙarfinmu. An ce mana a yaɓe da kashin shanu. Zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da za a sha, har a ba marar lafiya da jinjiri, a haɗa shi da kashi? Ba zai yi wari ba?
Daga wata uwa a Dutsin-Ma, Jihar Katsina.

Amsa: Hajiya, tambayarki ta mai tsafta ce, kuma na ji daɗinta. Ta fuskar hukunci, a mazhabar Malikiyya da muke bi kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba. Ta fuskar wari kuwa, in yaɓe ya bushe sarai ba abin da za ki ji sai ƙamshin ƙasa da ciyawa. Amfaninsa shi ne zaren ciyawar da saniya ta niƙe, wanda ke riƙe laka ya hana ta tsagewa. Sannan zuma ba ta taɓa bango. Saƙa daga sanda take ratayowa, zumar na cikin ramukan kaki, in ta nuna ƙudan su rufe bakin da wani kakin. Bangon ma ba sa barin sa haka. Akwai wani ƙaro mai danƙo da suke kwasowa daga jikin itatuwa, da shi suke shafe ciki su toshe kowace kafa. Ki leƙa amyar da ta shekara biyu da ƙuda, za ki ga bangon ya yi ja-ja yana sheƙi kamar an shafa masa fenti.

Duk da haka in ranku bai so ba, ku bar kashin a yaɓen waje kaɗai, na ciki ku yi da ƙasar suri da ƙaiƙayi mai laushi. Zai ɗan fi tsagewa, sai ku ƙara shafe ɗaya. Irin wannan amyar ta dace da ku ƙwarai, tunda a kan benci take zama daidai ƙugu, babu hawa bishiya, saƙa da yaɓe kuwa ba wanda zai koya muku.

Akwai kalma ɗaya a wasiƙarki da ba zan wuce ta ba, wato jinjiri. Kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, komai kyanta, daga kowace irin amya ta fito. Takan ɗauki ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kashewa amma na jinjiri ba ya iyawa, tana shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Na san al'adar lasa wa jariri zuma ta daɗe a gidajenmu. Don Allah ki isar da wannan ga matan ƙungiyarku.

Tambaya: Na yi amyar laka guda biyu bara. Damina ɗaya ta zaizaye gefe, gara ta cinye ƙafafun bencin, ɗaya ta kife. Anya wannan aikin ba wahalar banza ba ne?
Daga wani matashi a Saminaka, Jihar Kaduna.

Amsa: Ɗana, ba banza ba ne, amma gaskiyarka, ruwa shi ne babban abokin gabar amyar laka, kuma ku a Saminaka ruwanku ya fi na Gumel nesa ba kusa ba. Ciyawa ma in ta jiƙe ta daina tare zafi ko sanyi, sai ruɓa da fumfuna. Saboda haka jinkarka ta fi tawa faɗi da tsini, kuma ka sabunta ta kowace shekara kafin ruwan farko. Ka nemi tsohon magini a garinku ya nuna maka yadda ake haɗa makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Da ita ake shafe katanga da daɓe tun kafin siminti ya zo, ruwa ya bi ta kai ya wuce. Shafe biyu a bayan amya, musamman gefen gabas, ya isa damina guda. Leda kam kada ka naɗe amya da ita. Ƙudan suna fitar da laima mai yawa sa'ad da suke busar da ruwan fure ya zama zuma, bangon ƙasa yana barin laimar ta fita, leda kuwa tana kulle ta a ciki.

Ƙafafun benci ka yi su da kirya, gara ba ta cika samun ta ba, ko ka gina 'yan ginshiƙai da dutse. Tsayin ya kai ƙugunka. Kowace ƙafa ka shafe ta da baƙin mai, ko ka tsayar da ita cikin gwangwani mai baƙin mai, ka share ciyawar da ke ƙasa don kada wani kara ya taɓa amyar ya zama gadar tururuwa da kwarkwasa. Duk bayan mako biyu ka zagaya, in ka ga gara ta fara jan hanyar ƙasarta ka kankare ka barbaɗa toka. Inda ake da dage, benci ba ya tsare komai, sai ka rataye amyar da waya tsakanin itatuwa biyu, a kan katako mai ƙarfi da zai ɗauki nauyin lakar.

Tambaya: A garinmu tukunya ake kifawa a bishiya. Ita ma tana cikin abin da kake yabo?
Daga wani makaranci a Mirya, Jihar Damagaram.

Amsa: Malam, tukunya tsohuwar amya ce mai asali. Mutanen Masar da bututun laka suke kiwon zuma tun zamanin Fir'aunoni, har zanen aikin yana nan a bangon gine-ginensu. Sai dai gasasshiyar tukunya bangonta siriri ne, in rana ta same ta kai tsaye tana ɗaukar zafi kamar tanda. Ka yi mata rigar ciyawa mai kauri, ka sa ta a inuwa mai duhu. In kana so ka daina kashe 'ya'ya wurin ɗiba, ka haɗa biyu baki da baki, ko ka huda gindin babba ka kifa ƙarama a kai. Ƙudan kan ajiye zuma can nesa da ƙofa, 'ya'ya kuma kusa da ita, sai ka riƙa cire ta bayan kaɗai ka bar musu ta gaban.

Tambaya: Tunda kogon itace ne asalin gidansu, me zai hana in sare giginya in rarake?
Daga wani makaranci a Kwantagora, Jihar Neja.

Amsa: In giginyar ta faɗi da kanta ko ta mutu a tsaye, bismillah, gungumenta amya ce mai kyau, cikinsa da laushi, bayansa da tauri. Ka yanka tsawon kamu biyu, ka toshe bakunan da faifai ko sakaina ka yaɓe. Mai rai kuwa ina roƙonka ka bar ta. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta yi tsayin da kake gani, ciyawar da za ta yi maka wannan aikin kuwa damina ɗaya take fitowa. Haka nake faɗa wa masu ɓare ɓawon itace su naɗe shi amya: itacen da aka zagaye aka ɓare ya mutu, kuma furensa ne abincin ƙudan da ake son kamawa. Mai tambaya kan tsutsar da ke cin saƙa ta bar yana kamar ta gizo, wasiƙarka ta iso, da ita za mu buɗe filin wata mai zuwa in Allah ya kai mu.